Kuɗin Makaɗin Titi a Ma'aunin Fiƙihu: Ijara ne, Kyauta ce, ko Roƙo?

A tashoshin mota da bakin kasuwannin ƙasar Hausa ba a rasa mai gurmi ko kukuma ko kalangu yana bin rumfa-rumfa, yana waƙa ana miƙa masa abin da ya sawwaƙa. Sana'a ce tsohuwa, kuma daga cikinta aka sami mutane irin su Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, mai kiɗan kuntigi da ya yi suna da waƙar karen mota. Idan aka tambayi malamai hukuncin abin da irin wannan mutum yake samu, sau da yawa amsar takan tsaya a kan kayan kiɗan. Alhali kuwa akwai wata tambaya da ba ta gaza wannan nauyi ba, wato ta wace hanya kuɗin ya bar hannun mai shi.

Saɓanin malamai game da kiɗa sananne ne. Jamhurin malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi a wajen aure, suna kafa hujja da hadisin ma'azif da ke cikin Sahihul Buhari. Ibnu Hazmin ya soki isnadin hadisin a littafinsa Al-Muhalla, ya halatta, amma malaman hadisi da suka zo bayansa sun mayar masa da martani. Imamu Gazali a Ihya'u ya rataya hukuncin sauraro a kan abin da waƙar ta ƙunsa da halin mai sauraro. Ko a Daular Sakkwato ba a taru a kan magana ɗaya ba: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kushe kaɗe-kaɗen sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi, daga baya ya sassauta a Najmul Ikhwan ta hanyar nuna cewa mas'alar ta saɓani ce, shi kuwa ƙanensa Abdullahi ya tsaya a kan tsanantawa.

To, a ɗauka an bi ra'ayin masu sassauci, ko kuma mutumin ba ya riƙe da komai sai muryarsa. Mene ne sunan kuɗinsa a fiƙihu? Ba ijara ba ce, domin ijara tana bukatar yarjejeniya a kan aiki sananne da lada sananne, shi kuwa makaɗin titi ba wanda ya ɗauke shi aiki. Wannan ya bambanta shi da makaɗin biki da ake yin ciniki da shi tun kafin ranar, wanda Malikawa suka tattauna lamarinsa a babin ijara, har Shaihu Halil ya lissafa hayar duffi da kayan kiɗa don biki cikin makaruhai a Muhtasar. Abin da ya rage shi ne kyauta ko roƙo, kuma Bahaushe da kansa ya riga ya yanke hukunci da harshensa, tun da ya kira mai wannan sana'a maroƙi.

A nan ne maganar take yin tsauri. Hadisin Ƙabisa (RA) da Muslim ya ruwaito ya taƙaita halaccin roƙo ga mutum uku: wanda ya ɗauki nauyin bashi don sulhunta mutane, da wanda annoba ta cinye dukiyarsa, da wanda talauci ya kama shi har masu hankali na mutanensa suka shaida. Makaɗi lafiyayye ba ya cikinsu don kawai yana kiɗa. Sai dai adalci ne a lura cewa wanda ya zauna a gefe yana rera waƙa mai tsabta, bai ambaci sunan kowa ba, bai miƙa hannu ba, wani ya ji daɗi ya ba shi, wannan ya fi kusa da mai karɓar kyauta. Irin haka ake gani ga makafi masu rera Imfiraji ta Aliyu Namangi ko Ishiriniya, ko da yake su bukatarsu ma a fili take.

Akasin wannan shi ne maroƙin da zai tsaya a kan ɗan kasuwa a gaban abokan cinikinsa, ya kama kirarinsa da na iyayensa, ya ƙi gusawa. Kowa a wurin ya san abin da zai biyo baya idan ba a ba shi ba: yabon zai juye habaici, habaicin ya koma zambo, a wayi gari yara suna rera sunan mutum da rowa. Abin da aka bayar a wannan hali fansar mutunci ce. Shari'a ta shardanta daɗin rai kafin dukiyar Musulmi ta halatta ga wani, kuma Gazali ya yi bayani cewa abin da aka karɓa ta hanyar kunyata mutum a bainar jama'a daidai yake da abin da aka ƙwata, bambancin kawai shi ne an daki zuciya maimakon jiki. Ga kuma hadisin Miƙdad (RA) a Muslim da ya yi umarni da watsa ƙasa a fuskar masu zuzuta yabo. Wannan hukunci ba ruwansa da kalangu ko rashinsa. Sanƙiran da ba ya kaɗa komai yana iya faɗawa cikinsa fiye da mai gurmi.

Sannan titi yana da haƙƙinsa. Manzon Allah (SAW) ya shardanta wa masu zama a kan hanya runtse ido da kame cuta da mayar da sallama da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Taron da ya toshe hanya, ko ya cakuɗa maza da mata, ko amsa-kuwwarsa ta danne kiran salla, ya keta wannan sharaɗi ko da kalmomin waƙar wa'azi ne.

Ga wanda ya bar sana'ar yana tambayar yadda zai yi da abin da ya tara, malamai sun rarrabe. Abin da ya karɓa ta hanyar tsoratarwa da zambo haƙƙin masu shi ne, zai mayar musu ko ya nemi yafewarsu, idan bai san su ba ya yi sadaka da shi a madadinsu. Abin da aka ba shi da yarda a kan waƙar da ta haramta kuwa, Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suna ganin irin wannan dukiya ba a mayar wa wanda ya biya, don kada a haɗa masa jin daɗin saɓo da kuɗinsa. Sadaka za a yi da ita. Ibnu Taimiyya ya ƙara da cewa idan mai tuban matalauci ne, yana iya ɗaukar gwargwadon bukatarsa, har ya yi jarin da zai kama wata sana'a da shi.