Ciwon Ƙoda da Gaisuwar "Yaya Jiki?"

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina ƙorafi a kan kalmar "wankin ƙoda". Ba ƙodar ake wankewa ba. Jini ne na'ura ke tacewa, galibi sau 3 a mako, kimanin awa 4 a kowane zama. Amma a kunnen Bahaushe, abin da aka wanke ya fita ke nan. Shi ya sa ko a Gashuwa ta Jihar Yobe, inda cutar ta yi ƙamari, dangi na iya tambayar majiyyaci, "Har yanzu ba a gama wankin ba?" Alhali idan ƙoda ta gaza baki ɗaya, wanki ba ya ƙarewa sai an yi dashe.

Gaisuwarmu ma an gina ta ne a kan ciwo mai warkewa. Idan aka ce "Yaya jiki?", ladabi ya tilasta masa cewa "Da sauƙi", ko da kuwa bai runtsa ba jiya saboda tunanin kuɗin wanki na gaba. Ta haka damuwa ke cinsa a ɓoye. Masu dubiya kan cika gida a watan farko. Kafin shekara ƙafa ta ɗauke, gona ta tafi, ɗawainiya ta koma wuyan matarsa.

Ga kuma batun ruwa, wanda likita ya ƙayyade masa. Ya je suna, a tarbe shi da ruwan sanyi ya ƙi sha, a ce girman kai ne. Sannu a hankali sai ya daina zuwa.