Man Shafawa Daga Ganyen Tsakar Gida

Da hunturu ya kunno kai, sai ka ga mutane suna ɗingishi saboda faso, leɓe ya tsage, gwiwar hannu ta yi fari fat da kaushi. Kowa sai ya nufi kanti neman basilin, alhali a gidaje da yawa akwai darbejiya a ƙofar gida, zogale a bayan ɗaki, ga ɗoɗɗoya ta fito kusa da randa ba wanda ya shuka ta. Da waɗannan, da man kaɗe da ɗan kakin zuma, ana haɗa man da zai kai iyali har bazara.

Inda akasarin masu gwadawa ke tafka kuskure shi ne gaggawa. A tsinko ganye ɗanye shar, a daka, a zuba cikin mai, bayan mako biyu a buɗe gwangwani a tarar da fumfuna. Ruwan da ke cikin ganyen ne ya jawo haka, domin ruwa da mai ba sa haɗuwa, sai ya kwanta a ƙasa ya zama mazaunin ƙwayoyin cuta. Saboda haka a wanke ganyen, a shanya shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kwana huɗu zuwa mako guda, har sai an murza shi ya ruguje. Rana mai zafi tana ƙona shi, ta tafi da ƙamshinsa da korensa. Kwalba, cokali da ƙyallen tacewa su ma dole su bushe ƙarau.

Sai jiƙo. A sa busasshen ganyen a kwano, a zuba man riɗi ko na zaitun har ya shanye kansa. Kada kwanon ya taɓa wuta. A ɗora shi cikin tukunyar da ke da ruwan zafi, a kan garwashi marar ƙarfi, ya yi awa biyu zuwa uku. In kika ji ƙauri ko kika ga ganyen yana soyuwa, to miya kika yi, ba magani ba. Wadda ba ta sauri tana iya zuba ganyen da man a kwalba, ta rufe ta ajiye ta mako huɗu, tana girgizawa jefi-jefi, ni kuwa na fi son wannan hanyar. Bayan nan a tace, a matse sosai.

Kaki ne ke sa man ya daskare. Man kaɗe shi kaɗai yana narkewa da ɗumin jiki, don haka a zafin watan Afrilu sai ya koma ruwa a gwangwani, amma kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 60. Awon da aka saba shi ne cokali ɗaya na kaki ga cokali huɗu ko biyar na mai, a ƙara man kaɗe cokali biyu. A narkar da su tare, a ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi a duba. In ya yi tauri a ƙara mai, in ya yi ruwa a ƙara kaki. Masu saka amya kan zubar da saƙar bayan sun matse zuma, don haka kakin ba ya tsada in an nema a wurinsu.

Kafin a shafe jiki, a gwada kaɗan a cikin damtse a jira kwana guda, domin darbejiya tana sa wasu ƙaiƙayi. Man nan na kaushi ne da faso da bushewar fata. Ba a sa shi a sabuwar ƙuna, ko rauni mai zurfi, ko gyambo, ko cibiyar jariri, kuma ba a ba yaro man darbejiya ya sha, domin yana iya jawo amai da jijjiga. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta tsage ya je asibiti, kada ya tsaya shafe-shafe. Sauran man a rufe shi ruf, a rubuta ranar da aka haɗa a jikin murfin, a ajiye nesa da murhu.