Gargaɗi ga Mai Niyyar Fita Neman Giwan Ruwa

A ƙasashen Turawa, musamman Amurka da Ingila, akwai wata al'ada tsakanin ma'abota fatsa, wato idan mutum ya yi sa'a ya kama wani gawurtaccen kifi, maimakon ya kai shi tukunya, sai ya kai shi wurin gwanin da zai feɗe shi, ya gyara fatar, ya cusa mata wani abu daga ciki har ta koma siffarta ta farko, sannan a kafa shi jikin allo a rataye a bango don baƙi su gani. Mu ma nan muna da kifin da ya isa a yi alfahari da shi, domin giwan ruwa da ke kogunan Kwara da Binuwai da tafkin Kainji yakan girma har ya fi ƙaton mutum nauyi, kuma a gasar Argungu, wadda aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi bayan doguwar gaba tsakanin ƙasashen biyu, kifin da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78. Saboda haka ya kamata duk wanda sha'awar irin wannan farauta ta kama ya yanke shawara kan abu biyu tun yana gida, wato yadda zai komo lafiya, da abin da zai yi da kifin idan Allah ya ba shi.

Babban kogi ba ya nan yadda yake duk shekara. Kwara tana cika sau biyu: cikar farko ta ruwan damina ce, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ke zuwa a gurɓace da ƙarfin gaske, ta biyu kuwa ita ce wadda ke gangarowa daga Gini ta ratso Mali da Nijar, ba ta isowa ƙasarmu sai cikin hunturu, alhali sama ta daɗe da ɗauke ruwa. Baƙon da bai san wannan ba yakan zaci da wucewar damina kogi ya kwanta. Haka kuma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, har tsohuwar Busa, kuma kututturan itatuwan nan suna nan a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi. Don haka wajibi ne baƙo ya fara zuwa gaida Sarkin Ruwan wurin, ya nemi izni, ya ɗauki Basarke ko wani masunci ɗan ƙasa ya yi masa jagora, gama su ne suka san gurbin da dorina ke kwana da 'ya'yanta, da gaɓar da kada ke shan hantsi, da wuraren da aka hana su a cikinsu sai an buɗe.

Maganar jirgi kuwa, a nan ne ya kamata a daɗe. Ba a manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra ta jihar Kabi a watan Mayu na 2021 ba, ko wanda ya kife da 'yan biki a ƙasar Pategi a watan Yuni na 2023, inda mutum fiye da 100 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Sababin irin waɗannan musibu kusan ɗaya ne kullum: lodi fiye da kima, tsohon jirgin katako, tafiyar dare, da rashin rigar da ke hana nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar, amma sai ka ji mutum yana cewa ai shi ya iya iyo, ko kuwa ajali ba ya wuce ranarsa. Haƙiƙa ajali ba ya wuce ranarsa, sai dai malamanmu ba su taɓa fassara tawakkali da barin sababi ba, kuma jefa kai cikin halaka abu ne da shari'a ta hana. Giwan ruwa da ya haɗiyi ƙugiya yana iya jan ƙaramin kwale-kwale, saboda haka kada faufau a naɗe igiyar fatsa a hannu ko a ƙafa. A riƙe gidan sauro da ruwan sha mai tsabta, a kuma guji wanka a ruwan da ke kwance bakin gaɓa, inda katantanwar da ke yaɗa tsargiya take.

To, a ce kifi ya zo hannu. Wanda ke son a gyara masa fatar, tilas ya ɗauki hotonsa nan take, domin launin kifi yana disashewa jim kaɗan bayan mutuwarsa, kuma gwanin zai sake yi masa fenti ne bisa hoton. Kada a farka cikinsa, kada a kankare ɓawonsa, sai a kwantar da fikafikansa a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen zane a sa cikin ƙanƙara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wuyar al'amarin a bakin kogin da ba wutar lantarki. Ko an gama aikin ma, zafin ƙasarmu ba ya barin fatar ta daɗe: mai yakan tsattsafo daga kai, fikafikai su tsage da hunturu, ƙwari su shiga. Tsofaffin da ake sayarwa a kwance kuwa, da yawansu da gubar asanik aka jeme su, bai kamata yara su taɓa ba.

Su kansu Turawan yanzu da yawansu sun koma ga wata hanya, wadda a ganina ta fi kusa da hankali da kuma addini. Mutum ya auna tsawon kifin da kaurin cikinsa, ya ɗauki hoto ta kowane gefe, sannan gwani ya ƙera kamanninsa da roba mai ƙarfi ya yi mata fenti, ba a buƙatar ko ɓawo ɗaya na kifin. Ta haka naman bai salwanta ba, alhali kashe dabba don ado kawai a bar namanta ya lalace israfi ne, kuma kifi mai kilo 50 ya isa ya ciyar da unguwa. In kuwa mai fatsa ba ya da buƙatar naman, yana iya mayar da kifin ruwa da rai, domin manya-manyan giwan ruwa galibi mata ne, kuma kowace tana zuba miliyoyin ƙwai. A yi awon cikin hanzari da jiƙaƙƙen hannu, kada a rataye shi ta baki ko ta kunne, sannan a tallafe shi cikin ruwa, kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, har ya farfaɗo ya fizge da kansa.