Kuɗin Mota a Landan: Da Kati Ake Biya

Hirarmu ta yau ta uwargida ce wadda 'yarta ta haihu a Landan, aka ce ta je wankan jego. To Hajiya, kafin ki gama ɗaure yaji da daddawa, tsaya ki ji yadda ake biyan kuɗin mota a can.

A nan gida in za ki unguwa, kuɗi kike miƙa wa kwandasta ya ba ki canji. A can kuwa babu kwandasta, kuma tun watan Yulin 2014 bas-bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi. Ko fam ɗari kika miƙa wa direba, haƙuri zai ba ki. Ki duba fa, ga sanyi, ga jinjiri a hannu, ga lokacin ganin likita yana wucewa.

To da me ake biya? Da kati. Akwai wani shuɗin kati mai suna Oyster da aka fito da shi a 2003. Ana sayensa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da wasu kantunan unguwa, ki ba mai kanti tsabar kuɗi ya zuba miki a ciki, kamar dai yadda ake sa wa waya kuɗi. Katin banki irin wanda ake ɗorawa kan na'ura shi ma yana yi. Sai dai kafin ki bar gida, a tambayar miki banki ko naki zai yi aiki a waje, da abin da za su cire na canji.

In kin shiga bas, ki ɗora katin kan wani faifai ruwan ɗorawa kusa da direba, sai kin ji ya yi ƙara. Sau ɗaya ke nan, ba a taɓawa wajen sauka. In kin canza wata bas ɗin cikin awa ɗaya, ki sake taɓawa, ba za a ƙara cire komai ba. Amma a jirgin ƙarƙashin ƙasa sai kin taɓa wajen shiga da wajen fita, in ba haka ba su cire miki kuɗi mafi tsada.

Kowa da katinsa, ke da 'yarki ba za ku biya da guda ɗaya ba. Jikokinki 'yan ƙasa da shekara 11 kuwa kyauta suke shiga bas. Kuma ki zaro katin daga jaka kafin ki taɓa, kada na'ura ta ci kuɗin wani katin daban.

Saboda haka ranar da kika sauka, ki ce wa surukinki ya samo miki naki katin, ya raka ki fitar farko ki ga yadda ake yi. Kada kunyar suruki ta hana ki tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.