Talabijin na Bango: Abin da Kwali Ba Ya Faɗa wa Mai Saye

Duk shagon kayan lantarki da mutum ya leƙa, a Sabon Garin Kano ne ko a titin Ahmadu Bello na Kaduna, abu guda zai tarar a bangon da aka jera talabijin: kifaye masu launi suna iyo, raɓa tana gangarowa a kan tuffa, fure yana buɗewa a hankali. Hoto tangaran, har mutum ya ji kamar ya kai hannu. Sai a yi ciniki, a ɗora kwali a adaidaita, a kai gida, a jona dikoda. Nan fa murna ke komawa ciki. Fuskar mai karanta labarai ta yi dishi-dishi, rubutun ƙasan allo ya dagule, maigida ya fara rantsuwa cewa jabu aka sayar masa.

Sau da yawa ba jabun ba ne. Bidiyon shago na musamman ne, an ɗauke shi da kyamara mai tsada, ana kunna shi daga filashi ko daga cikin na'urar kanta, an kuma ƙure haske da launi don su rinjayi fitilun shago. A gida kuwa, abin da eriya da dikoda da wutar unguwa suka bayar shi allo zai nuna.

Arewa ta daɗe da sanin akwatin kallo. A Najeriya, Ibadan ce ta fara a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962, Jos kuma ta buɗe wa ƙasar hoto mai launi a tsakiyar shekarun 1970. Tsohon akwati mai ƙatuwar ƙeya yana da nauyi da jan wuta, amma yana da juriya, kuma duk tashoshin zamaninsa daidai da shi aka yi su. Na bango ne ya zo da tambayoyin da da babu su.

A bakin jama'a duk talabijin marar kauri filasma ne, alhali manyan kamfanonin da ke ƙera filasma ta ainihi, Panasonic da Samsung da LG, sun rufe wannan layi tun 2014. Kusan duk abin da ke kasuwa yau shi ne wanda ake rubuta wa LED: gilashin LCD ne da ba ya haske da kansa, sai jerin ƙananan fitilu da ke bayansa suna haska shi. QLED ɗin da Samsung ya yayata daga 2017 shi ma hakan yake, an dai ƙara masa wani shimfiɗi da ke ƙara wa launi armashi. OLED ne ya fita daban, don kowane ɗigo a jikinsa shi ke kunna kansa ya kashe kansa, shi ya sa baƙinsa baƙi ne wuluk. Amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma yana da lago guda: hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin inuwarsa a allo. Gidan da ake barin tashar Harami a kunne daga asuba zuwa dare, da tambarinta a kusurwa guda kullum, bai kamata ya yi sha'awar OLED ba.

Sai batun inci, wanda shi ne abin alfahari a hirar majalisa. Ba faɗin talabijin ake aunawa ba, daga kusurwar gilashi ta sama zuwa kishiyarta ta ƙasa ake ja. Mai inci 32 faɗin gilashinsa bai wuce santimita 71 ba, mai 43 kusan 95, mai 55 kuwa wajen 122. Masana hoto suna ba da shawarar tazarar zama ta kai kamar ninki ɗaya da rabi na wannan awon ko ta ɗan ɗara: kusan mita 1.8 ga mai inci 43, mita 2.3 ga mai 55, mita 2.7 ga mai 65. Ɗakin amarya da gado da sif da madubi suka riga suka cinye ba shi da wurin inci 65, ko da ango yana son dangi su shigo su yi salati. Tef ɗin tela ya isa ya raba gardama kafin a fita kasuwa, kuma yana da kyau a tafi da shi, don akwai kwalayen da ke cewa 43 alhali gilashin ciki bai kai ba.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen 4K. Hoton talabijin tarin ƙananan ɗigogi ne. Mai HD na ƙasa yana da 1366 a kwance da 768 a tsaye, Full HD yana da 1920 da 1080, 4K kuwa 3840 da 2160, wato ɗigo sama da miliyan 8. To amma tashoshi da yawa da ake kamawa a dish na kyauta da ƙananan dikodoji har yanzu a tsohon ma'auni suke watsawa, 720 da 576, ɗigo dubu 414 da 'yan kai. Idan irin wannan hoto ya shiga allon 4K, kowane ɗigo guda sai an baje shi a gurbin ɗigo 20. Kamar a ɗauki hoton fasfo ne a buga shi girman allon tallan 'yan siyasa. Iya girman allo, iya yadda aibin zai fito, har ta kai tsohon fim ɗin Hausa na zamanin kaset ya fi kyan kallo a ƙaramin talabijin.

Akwai kuma wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, da aka gada daga zamanin bidiyo da sidi. Rawayar ba ta iya ɗaukar hoton HD ko kaɗan. Gidaje da yawa suna biyan kuɗin DStv ko StarTimes duk wata, dikodarsu tana da ramin HDMI, talabijin ɗinsu ma yana da shi, amma yaron da ya zo haɗawa ya soka mai kai ukun don ita ya tarar a kwali. Wayar HDMI guda, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, takan gyara hoto fiye da ƙarin inci 10.

Wanda ya ce zai samo 4K ɗinsa ta intanet sai ya lissafa data. Netflix da kansa ya ce kallon awa guda yana cin kimanin gigabait 1 a hoto na gama-gari, har zuwa 3 a HD, har zuwa 7 a 4K. Fim ɗin awa biyu ke nan zai iya lashe gigabait 14. Masu bin Labarina ko Izzar So a YouTube sun san yadda ake rage ingancin hoto don data ta kai ƙarshen wata. Ita kanta kalmar "smart" da ke jikin kwali ba ta da tabbas: masu arha da yawa ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, bayan 'yan shekaru manhajojin su yi nauyi ko su daina buɗewa, gilashi kuwa lafiyarsa ƙalau. Irin wannan ba ya bukatar canji, ɗan akwatin Android da ake sokawa a ramin HDMI ya wadatar.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka zo maganar wuta, don ita ce ke cika shagunan masu gyara. A ƙa'ida wutar Najeriya da Nijar tana wajen bolt 220 zuwa 230. Yawancin talabijin na yanzu an rubuta a bayansu cewa suna karɓar 100 zuwa 240, saboda haka wutar da ta yi ƙasa ba ta cika kashe su ba. Mai kisan ita ce wadda ke zuwa da ƙarfi farat ɗaya: lokacin da aka dawo da ita bayan ɗaukewa, lokacin da janareto ke tashi ko yake shure-shuren ƙarewar mai, ko kuma ranar da wayar nitiral ta tsinke a taransifoma, inda wutar gida kan iya haurawa kusa da bolt 400. Irin ranar ce ake jin layi guda kowa yana kukan firij da talabijin da caja.

Sitabilaiza tana daidaita wutar da ke hawa da sauka a hankali, amma ba ta da zafin naman tare wadda ta zo kamar ƙiftawar ido. Ƙaramar na'urar nan ta soket da 'yan kasuwa ke kira tibi-gad aikinta daban ne: tana yanke wuta idan ta wuce iyaka, tana kuma jinkirta sakinta bayan an kawo, har sai ta lafa. Kuɗinta ɗan ƙanƙani ne a kan kuɗin talabijin, amma ita ce abin da mai saye ya fi cewa "sai wani jiƙon". A gidan janareto, a tada inji ya daidaita kafin a kunna kayan kallo, a kuma kashe su kafin a kashe shi. Da damina kuwa, idan hadari ya haɗo ana tsawa, kashewa da rimot ba ta wadatar. Ƙarfin aradu yana biyo wayar dish ya shiga dikoda, ya bi ta HDMI ya ƙone allon cikin talabijin. Sai an zare filogi, an kuma kwance wayar dish.

Jan wuta ma abin dubawa ne, musamman ga masu sola da inbata. LED mai inci 32 yakan ja wat 30 zuwa 50, mai 43 kamar 60 zuwa 80, tsohuwar filasma mai inci 42 kuwa tana iya haura 200. Talabijin mai wat 70 da ake kunnawa awa 6 kullum zai ci yunit 13 a wata, filasma mai wat 250 kuma yunit 45. Ga wanda ke layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, a wannan farashin bambancin ya wuce naira dubu 6 duk wata. Arhar filasma ta hannu ke nan ta zama tsada.

Kayan gwanjo suna da wani tarkon. Wanda ya fito daga Ingila ko Jamus wutarsa ta yi daidai da ta nan. Na Amurka an yi shi ne don bolt 120, wani yana karɓar ta nan wani ba ya karɓa, kuma na'urarsa ta kama tashoshi ta wani tsari ce daban da DVB-T2 da Najeriya ta zaɓa, wanda aka fara gwadawa a Jos a 2016. Irin wannan ba zai kama tasha da eriya ba sai ta dikoda. Sabo fil ma sai an bincika: lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta bayan talabijin, takardar garanti ta zo da hatimin dila, rasit ya ɗauki sunan samfurin. Tambari a gaban allo ba shaida ba ne, manna shi ake yi. Mai wayo yakan je shago da filashinsa, ɗauke da irin abin da yake kallo a gida, da hoto fari fat da baƙi ƙirin, don a kansu ne mataccen ɗigo da dabbare-dabbaren haske ke tona kansu.

Gwaji guda kuma da ba a cika yi ba: a matsa gefe, a kuma tsuguna. Wasu gilasan da zarar an kauce daga tsakiya sai launinsu ya koɗe. A gidan Bahaushe kuwa ba kowa ke kan kujera ba. Yara suna kan kafet, uwargida tana gefe tana tsinke zogale, baƙo yana bakin ƙofa. Duk da haka masu kafawa sun saba kai talabijin can kusa da silin, kowa ya yi ta ɗaga wuya. Tsakiyar allo kamata ya yi ta zo daidai idon mai zaune, in kuma dole ne a ɗaga saboda hannun yara, a sayi ƙarfen rataya mai sunkuyowa. Bangon bulo yana riƙe kusoshi, na ƙasa da aka yi wa shafen siminti ba abin amincewa ba ne, gara tebur mai faɗi, a kuma ɗaure talabijin ta baya don kada mai rarrafe ya jawo shi.

Ɗauko shi ma da ƙa'ida: a tsaye ake tafiya da shi, ba a kwance ba, domin gilashin bai da kaurin jure gargadar hanya. Idan ya tsage, kuɗin canza shi yakan kusa kuɗin sabo.

Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ne sauran abokan gaba. Fitilun baya zafi ke gajarta musu kwana, kuma talabijin da yawa suna fitowa daga kwali da haskensu a ƙure. Rage shi zuwa rabi ko sama kaɗan, da sauya saiti daga na shago zuwa na gida, yana rage jan wuta, yana kuma ƙara wa fitilun rai. Ƙyallen ado da ake lulluɓa wa talabijin a yaye shi duk lokacin da yake kunne, don ramukan bayansa ta nan yake shan iska. Gilashi kuma a goge shi da busasshen tsumma mai laushi, ban da fesa ruwa kai tsaye, wanda kan gangara ƙasan firam ya bar layuka a allo har abada. Idan wata rana murya tana fita amma hoto ya ɗauke, a haska tocila dab da gilashin. In aka hango inuwar hoto, fitilun ne suka mutu, kuma canza su aikin da masu gyara ke yi kullum ne.

Ga gidan da kallonsa bai wuce Arewa24 da labarai da ƙwallon ƙarshen mako ba, falonsa kuma matsakaici, Full HD na gaske mai inci 43, da wayar HDMI da tibi-gad da takardar garanti, ya fi inci 65 marar asali da aka soka kai tsaye a soket.