Wayar Hannu da Ƙidayar Tsuntsaye a Kudancin Jihar Kano

Manomin Bebeji ba ya bukatar kalanda kafin ya san damina ta ƙarato. Da zarar ya ga shamuwa ta sauka a kan rimin bakin gari tana ɗaukar kirare don gyaran sheƙa, sai ya ɗauko garma ya duba lafiyarta, ya kuma leƙa rumbun iri. Wannan ilimi ne ingantacce, kuma kimiyya ta gaskata shi, domin shamuwa takan yi kiwo a gabashi da kudancin Afirka lokacin da ake rani a nan, sa'an nan ta biyo ruwan sama ta zo ta yi ƙwai. To amma da za a tambayi manomin ranar da ta iso bana, da ranar da ta iso shekara ashirin da suka wuce, da kuma yawan sheƙunan da ke kan rimin a wancan lokaci, sai ya ce Allah masani. Abin da ido ya gani ba a rubuta ba, da mai idon yake tafiya. Wannan giɓi ne manhajojin kallon tsuntsaye suka zo cikewa.

Ƙasar da ake magana a kanta

Wanda ya taso daga Kano ya karya a Kwanar Ɗangora ta Ƙaramar Hukumar Kiru, ya bi ta Tudun Wada ya nufi Doguwa, zai ratsa mazaunan tsuntsaye iri-iri cikin yini guda. Akwai gonaki masu ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, inda cilakowa da hasbiya da ragon maza suke. Akwai madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, mai ɗaukar ruwa kusan mita biliyan 2 na ma'aunin cika. Bakinta matattarar zalɓe ce da balbela da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa. Daga watan Oktoba zuwa Maris kuwa, baƙin tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara, sukan sauka a irin waɗannan ruwaye da fadamun shinkafar Tudun Wada. Can gaba ga dajin Falgore, wanda a da ake kira gandun dajin Kogin Kano, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,000, inda itacen doka ya fi yawa. Ƙungiyar BirdLife International ta sanya shi cikin muhimman wuraren tsuntsaye na Nijeriya. Daga ƙarshe sai duwatsun Riruwai na Doguwa, 'yan uwan duwatsun Jos ta fuskar asali, inda aka haƙi kuza shekaru da dama.

Nijeriya tana da nau'o'in tsuntsaye fiye da 900, cikin kimanin 11,000 da ke duniya. Ba mamaki ɗalibin da ya fara kallon tsuntsu ya rikice.

Yadda manhaja take gane tsuntsu

Manhajar da ta fi shahara wajen wannan aiki ita ce Merlin, wadda Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka ta fitar a 2014, kuma kyauta ce. Hanyarta ta farko tambayoyi ce guda biyar: a ina aka ga tsuntsun, yaushe, yaya girmansa, waɗanne launuka ne a jikinsa, kuma me yake yi, wato ko yana kan itace, ko a ƙasa, ko cikin ruwa, ko yana shawagi. Daga nan sai ta tace, ta kawo 'yan hotunan waɗanda suka dace, mai kallo ya zaɓa. Tambayoyi biyun farko su ne ginshiƙi, domin manhajar tana dogara ne ga jerin tsuntsayen da mutane suka taɓa ba da rahoton gani a wannan yanki a irin wannan wata.

Hanya ta biyu hoto ce. An nuna wa kwamfuta hotuna masu ɗimbin yawa waɗanda masana suka riga suka sa wa suna, har ta koyi siffofin da ke bambanta wani nau'i da wani: tsawon baki, zanen fiffike, launin ƙafa. Idan aka ba ta sabon hoto sai ta kwatanta, ta jero waɗanda suka fi kama da shi.

Hanya ta uku, wadda aka ƙara a 2021, ita ce ta murya, kuma ita ta fi ban sha'awa. Wayar takan naɗi kukan tsuntsu ta mai da shi zane: tsawon lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama, kaifin murya yana hawa daga ƙasa zuwa sama. Fito mai tsawo yakan fito kamar layi, kukan kurciya mai kauri yakan kwanta a ƙasa dunƙule-dunƙule. Da yake sauti ya koma hoto, sai kwamfuta ta karanta shi kamar yadda take karanta hoton fiffike. Akwai wata manhajar mai suna BirdNET da ke aiki a kan wannan ƙa'ida.

Amfanin murya a fili yake ga wanda ya taɓa zama ƙarƙashin ɗorawa yana kallon kurciyoyi. Bahaushe ya ware bardo ya ba shi sunansa, saboda ƙanƙantarsa da dogon wutsiyarsa. Amma sunan kurciya ya tattara nau'o'i da yawa, daga cikinsu akwai uku masu baƙin zobe a ƙeya, waɗanda daga nesa kamar an tsaga kara. Ɗaya tana da baƙin ido, ɗaya idonta rawaya ne da jar fata kewaye da shi, ta ukun ta fi su girma, idonta ja ne mai duhu. Kafin mutum ya matsa ya ga ido, sun tashi. Kukansu kuwa kowace da nata, ba ya gauraya.

Akwai misalin da ya fi wannan. Wasu ƙananan tsuntsaye na zuriyar da masana ke kira Vidua, waɗanda mazansu kan yi baƙi mai sheƙi a ƙarshen damina, ba sa gina sheƙa. Macen takan saka ƙwai a sheƙar ƙananan jajayen tsuntsayen nan na zuriyar Lagonosticta, irin masu shiga tsakar gida suna tsintar tsaba. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yakan koyi waƙar uban riƙonsa, idan ya girma ya riƙa cusa ta cikin tasa. Kowane nau'i da wanda yake ɗora wa reno, saboda haka waƙar ce take bayyana ko wane ne, tunda a ido kusan duk ɗaya suke. Bin sawun irin wannan waƙa a Filato na daga abin da ya kai Robert Payne na Jami'ar Michigan ga bayyana wani sabon nau'in jan tsuntsun, mazaunin duwatsu, a 1998. Wanda ya naɗi murya a gindin duwatsun Riruwai ya adana ta, ya ajiye abin da masana za su so su saurara.

Inda take tuntuɓe

Wajibi ne malami ya fahimtar da ɗalibansa cewa manhaja shawara take bayarwa, ba ta yanke hukunci. Abin da aka koya mata kaɗai ta sani. Da aka fito da sashen murya na Merlin, tsuntsayen Amurka da Kanada kawai ya ƙunsa, kuma har yanzu Afirka ta Yamma tana baya, saboda muryoyin da aka naɗa daga nan ba su kai na can yawa ba. Idan ta ji kukan da ba ta sani ba, ko dai ta yi shiru, ko ta liƙa masa sunan wani tsuntsu mai kama da shi, wanda wataƙila bai taɓa taka Nijeriya ba. Ƙarar injin ban-ruwa da kukan kwaɗi da iskar hunturu duk suna ruɗa ta. Haka nan hoton da aka ɗauka rana na bayan tsuntsu, ko na ɗan tsako wanda gashinsa bai nuna ba.

Maganin wannan tsohon magani ne. A dubi tsuntsun da kyau kafin a dubi waya. A rubuta girmansa ta hanyar kwatanta shi da wanda aka sani, kamar kurciya ko hankaka, a lura da baki da ƙafa da yadda yake tafiya, sa'an nan a gwada da littafi, irin wanda Nik Borrow da Ron Demey suka wallafa a 2001 kan tsuntsayen Afirka ta Yamma. Idan ido da kunne da littafi ba su yarda da waya ba, a bar sunan. Gurbin da aka bari fayau ba ya ɓata lissafi. Sunan ƙarya kuwa yakan shiga taswira ya zauna, wani mai bincike ya zo ya gina a kansa.

Ajiye abin da aka gani

Gane tsuntsu rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne adana labarinsa a inda wasu za su same shi. A duniya baki ɗaya akwai rumbun eBird, wanda aka buɗe a 2002. A gida kuwa akwai Shirin Taswirar Tsuntsayen Nijeriya, wanda Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wato APLORI, da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara a 2015, bisa tsarin da aka gwada a Afirka ta Kudu tun 2007. Masu sa-kai ne suke aikin, kuma a Arewa akwai rukunin matasa da ake kira Arewa Atlas Team.

An rarraba ƙasar nan fegi-fegi a bisa layukan taswira, kowane fegi minti 5 na digiri a tsaye da minti 5 a kwance, wato kimanin kilomita 9 kowane gefe. Fegin da ke Nijeriya sun haura 11,000. Mai ƙidaya yakan buɗe manhajar BirdLasser, ita kuma ta nuna masa fegin da yake ciki ta hanyar tauraron ɗan'adam, ko da babu layin waya a wurin. Duk tsuntsun da ya gani ko ya ji sai ya taɓa sunansa, manhajar ta rubuta wuri da lokaci da kanta. Ƙa'idar cikakken kati ita ce a yi aƙalla awa biyu ana nema da gaske, a zaga mazaunai dabam-dabam na fegin, a jera tsuntsaye bi da bi yadda aka gamu da su, kuma kati ɗaya kada ya wuce kwana biyar. Idan aka samu intanet sai a aika. Wanda ya ba da rahoton tsuntsun da ba a san shi a yankin ba, za a nemi ya kawo hujja, masana su duba.

Me ya sa ake son a rubuta kowa da kowa, har da hankaka da balbela da kowa ya raina? Saboda lissafin yana kan rabo ne. A ce, alal misali, an cika kati 20 a wani fegi na Kiru, ungulu ta fito a 15 daga ciki. Bayan shekara goma aka sake cika 20, ta fito a 3 kacal. Wannan hujja ce da za a iya ajiyewa gaban hukuma. Amma idan masu ƙidaya suna rubuta abin da ya burge su ne kawai, rashin sunan tsuntsu a kati ba zai nuna komai ba.

Ba a banza aka kawo ungulu misali ba. Dattawa sun san lokacin da ba a raba ta da mahauta a kowace kasuwa. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya ta cikin waɗanda ke gab da ƙarewa, saboda guba da farautarta don sayar wa masu magani da raguwar manyan itatuwan da take sheƙa. Ta ragu a gaban idon kowa, ba tare da an riƙa ƙirgawa a yawancin garuruwa ba. Burtu da gauraka ma sun yi wuyar gani. Kudancin Kano ya yi sa'a guda, domin yana da ma'auni na baya: a 1981 R. E. Sharland da Roger Wilkinson sun buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, a 1985 kuma Wilkinson da Beecroft suka buga na Falgore. Shekaru arba'in ke nan na saran itace da faɗaɗa gonaki da kiwo, kuma katunan yau ne za a aza kusa da wancan jeri a ga wane ya rage, wane ya tafi.

Makarantar sakandare ba ta bukatar kaya masu yawa kafin ta shiga. Waya ɗaya a hannun malamin kimiyyar halittu, da madubin hangen nesa idan ya samu, da littafin rubutu ga kowane ɗalibi, sun wadatar. Ya kyautu a buɗe shafi na musamman don sunayen Hausa da Fulatanci da ake ji daga mafarauta da makiyaya, domin manhajojin da Ingilishi da Latin suka fi magana. Kada a riƙa kunna wa tsuntsu muryar ɗan'uwansa don ya fito, musamman lokacin ƙwai, saboda yana tayar masa da hankali ya bar sheƙa. Kada kuma a yayata inda aka ga sheƙar ungulu. Shi kuwa dajin Falgore, wanda ya sha fama da ɓarayin shanu har rundunar sojan ƙasa ta kafa filin horo a cikinsa a 2017, ba wurin da za a kai ɗalibai ba ne sai da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandun. Filin makaranta da gonakin bayan gari da kududdufin unguwa duk suna cikin wani fegi, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi.