Illolin shan maganin kashe ƙwayoyin cuta a gabashin Sakkwato

A ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo na gabashin jihar Sakkwato, kamar sauran yankunan karkara na arewacin Najeriya, ɗakin kemis da tiren mai tallar magani a ranar kasuwa sun fi asibiti kusa da jama'a. Daga cikin abubuwan da aka fi saya a waɗannan wurare akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, waɗanda bisa ƙa'ida ba a sayar da akasarinsu sai da takardar likita.

Magungunan sun ceci rayukan miliyoyin mutane tun bayan da aka fara amfani da penicillin a shekarun 1940. To sai dai kowane daga cikinsu yana da nasa lahanin, kuma sanin lahanin da za a iya jurewa da wanda ke bukatar garzayawa asibiti shi ne ke raba rai da ajali.

Illolin da aka saba gani

A cikin hanjin ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke taimakawa wajen narkar da abinci. Maganin ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa, saboda haka yakan haifar da gudawa da tashin zuciya da murɗar ciki, a wajen mata kuma har da ƙaiƙayin gaba. Flagyl yakan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Galibin waɗannan illoli kan wuce da kansu idan an kammala shan maganin.

Akwai kuma masu tsanani. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar dangin penicillin, irin su Ampiclox da amoxicillin, inda cikin mintoci kaɗan fuska da leɓe ke kumbura, numfashi ya sarƙe. Septrin yakan sa fatar wasu ta yi ƙuraje, ta saɓule kamar ta wanda ya ƙone, har cikin baki da idanu. Allurar gentamicin, idan aka wuce ƙima, tana lalata ƙoda, tana kuma kurumtar da yaro har abada. Kafson tetracycline mai launin ja da rawaya yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 8, shi ya sa ba a ba mai juna biyu. Chloramphenicol kuwa yakan hana ɓargo samar da jini, ko da yake hakan ba kasafai yake faruwa ba.

Likitoci na gargaɗin cewa duk wanda ya ga kumburi, ko sarƙewar numfashi, ko ƙuraje masu ruwa, ko idanu sun yi rawaya, ko gudawa mai jini, to ya dakatar da maganin ya nufi asibiti, tare da kwalin maganin a hannunsa. Wannan gargaɗi yana da nauyi a yankin da hare-haren 'yan bindiga suka sa tafiyar dare ta zama kasada, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake can cikin birnin Sakkwato.

Darasin Kano

Al'ummar arewa ba su manta da abin da ya faru a Kano a shekarar 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, biyar daga cikin waɗanda aka ba Trovan, shida daga cikin waɗanda aka ba wani maganin na daban. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. A 1999 hukumomin Amurka suka taƙaita amfani da Trovan saboda yana lalata hanta, sannan a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Wannan lamari ya bar tabon rashin yarda. Abin lura shi ne, mutumin da ke zargin maganin da ma'aikacin lafiya ya kawo masa kyauta, sau da yawa shi ne ke sayen kafso biyu ko uku a kasuwa, wanda ya sha rana, ba tare da sanin ranar da zai lalace ba.

Riba da hasara

Ba kowane shan magani ba ne kuskure. An daɗe ana raba azithromycin gida-gida a sassan jihar Sakkwato domin yaƙi da amosanin ido. A 2018 kuma aka wallafa sakamakon wani bincike da aka gudanar a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda ya nuna cewa ba ƙananan yara wannan magani sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kimanin kashi 18 cikin ɗari a jihar Dosso ta Nijar. Illolinsa ba su cika wuce amai ko laulayin ciki na ɗan lokaci ba, amma ba a ba jaririn da bai kai wata ɗaya ba.

Sai dai binciken ya kuma gano cewa a ƙauyukan da aka raba maganin, ƙwayoyin cutar da suka daina jin sa sun ƙaru. Dalili ke nan da ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a yankunan da mace-macen yara suka yi yawa, tare da sharaɗin sa ido.

Illar da ba a gani

Wannan bijirewa ita ce illa mafi girma, domin ba ta tsaya ga mai shan maganin kaɗai ba. Duk lokacin da aka sha antibayotik saboda mura, wadda ba ya magance ta, ko saboda zazzaɓin cizon sauro da ke da nasa maganin daban, ko aka sha rabin adadi don kuɗi bai kai ba, ƙwayoyin da suka tsira kan hayayyafa su bazu ga iyali da maƙwabta. Haka abin yake idan makiyayi ya yi wa saniya allura, ya sayar da nononta kafin maganin ya fita daga jikinta.

Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 1 da dubu 270 ne suka mutu a duniya a 2019 sakamakon cututtukan da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ke kan gaba.

Ga manomin shinkafa a fadamar Wurno ko mai noman albasa a gefen madatsar ruwa ta Goronyo, ma'anar hakan ita ce, ranar da ɗansa ya kamu da sanƙarau ko ciwon huhu, maganin da aka dogara da shi yana iya gazawa, na gaba da shi kuma ya fi tsada, ba a kuma samun sa a ƙauye. Shawarar masana ita ce a yi gwaji kafin a sha, a shaida wa ma'aikacin lafiya idan wani magani ya taɓa yin illa, a bi adadin da aka rubuta, kuma kada a ba wani ragowar.